Tsakanin Ciwo da Makara: Shafukan da Marubutanmu Ke Tsallakewa

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na je Kunduru, ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Kankiya a Jihar Katsina, domin gaida dangi. A daren da zan komo, bayan an yi sallar isha'i kowa ya watse, sai ɗiyar yayata marigayiya ta yi sallama ta shigo ɗakin da aka sauke ni. Ta durƙusa, ta ajiye wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta a gefen katifa, ta ce, "Anti, labari ne na rubuta, ina son in shiga gasar Hikayata ta BBC da shi. Amma ki fara duba mani, don ina tsoron kada in je in ɗauko zunubi."

Na yi dariya, na ce to marubuciya, Allah ya sa mu ci albarkacinki. Da ta fita sai na kunna fitilar waya na fara karantawa. Wallahi 'yan uwa, har aka yi kiran assalatu ban runtsa ba.

Labarin wata yarinya ne da ke jinyar mahaifiyarta mai sankarar mama. An yi zirga-zirgar asibiti har an sayar da gona da awaki, daga ƙarshe likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Kullum dare uwar tana nishi tana cewa a taimake ta ta huta. A shafin ƙarshe sai yarinyar ta yi abin da ya kawo ƙarshen ran uwarta da hannunta, uwar ta cika tana murmushi, ladan ya kira sallah, yarinyar kuma ta ji wani sanyi ya sauka a zuciyarta. Nan labarin ya tsaya.

Abin da ya hana ni barci shi ne, duk shafukan nan gaskiya ne in ban da na ƙarshe. Ina wurin aka yi su. Yaya ta yi wata bakwai a kwance. Na san warin da ake turara ɗaki saboda shi, na san ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin zani, na san yadda mutum huɗu ke taruwa kafin a juya ta. Amma Yaya ta cika ne ranar wata Alhamis bayan la'asar, da kalmar shahada a bakinta, lokacin da Mai rai ya karɓi abinsa. Babu wanda ya taɓa ta. To daga ina wannan shafi ya fito?

Da safe na kira ta na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce a fina-finai ta ga ana rufe irin wannan labari haka, ita kuma ba ta san wata hanyar rufe shi ba. Sai kuma ta fashe da kuka, ta ce, "Anti, wallahi ban taɓa tunanin aikatawa ba. Amma akwai daren da na roƙi Allah ya ɗauki ran Inna ta huta. Kwana tara bayan nan ta rasu. Har yau ji nake kamar ni na kashe ta."

Shekara biyu yarinyar nan tana ɗauke da wannan dutse a ƙirji, ba ta faɗa wa kowa ba sai takarda.

Mutuwar cikin littafi

Mu da muka taso muna hayar littattafan Hausa a shaguna, muna ɓoye su a cikin littafin lissafi, mun san yadda ake mutuwa a cikinsu. Ko dai hatsarin mota a hanyar Kaduna, ko bugun zuciya daga jin mummunan labari, ko wajen haihuwa. In ciwo ne, to ciwon so ne: a yi aman jini, likita ya cire gilashi ya girgiza kai, Alhaji ya sa a nemo biza a fita Landan ko Misira. Shafi biyu, an gama. Daga nan sai zaman makoki, sai rabon gado, sai kishiya ta fara gallaza wa marayu, wanda dama can nan marubuciyar ke sauri ta isa.

Ba raina ƙoƙarin iyayenmu marubuta nake yi ba. Hajiya Hafsatu Abdulwaheed da ta fito da *So Aljannar Duniya* a 1980, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ta nuna mana a *Alhaki Kuykuyo Ne* yadda aka kori Rabi da 'ya'ya tara ta koma sayar da abinci, da Anti Bilkisu Funtuwa 'yar jiharmu, su suka buɗe labulen ɗakin mace Bahaushiya duniya ta leƙa. Sun yi maganar auren dole, da saki, da kishi, da ilimin 'ya mace, a lokacin da faɗin haka ke jawo zagi. Amma a mafi yawan littattafan da suka biyo bayansu, akwai ɗaki guda da har yanzu ake wucewa ta ƙofarsa da sauri, wato ɗakin majinyaci. Alhali kuwa babu gidan da ba shi da wannan ɗaki, kuma kusan kullum mace ce ke kwana a cikinsa.

Ko *Shaihu Umar* na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, wanda a ganina har gobe babu labarin da ya kai shi nuna zafin rabuwar uwa da ɗa, haka ya yi. Mun bi uwar nan tana neman ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da ita. Da suka haɗu a Tarabulus ta riga ta ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. Wahalar hanya an ba mu ita dalla-dalla, kwanakin ƙarshe kuwa a taƙaice.

To yarinyar da ta yi wata bakwai tana wanke gyambo, ta ɗauki biro tana son ta rubuta abin da ta gani, wa za ta koya a wurinsa? Dole ta leƙa gidan maƙwabta.

Abin da ta tarar a maƙwabta

Mu Hausawa da fim ɗin Indiya sai Allah. Da yawanmu mun sha kuka a *Kal Ho Naa Ho* na 2003, inda Shah Rukh Khan ya ɓoye ciwon zuciyarsa ya haɗa wadda yake so da abokinsa. Wannan mai sauƙi ne, domin ajali ya jira. Wanda ɗiyata ta kalla shi ne *Guzaarish* na 2010, inda Hrithik Roshan ya fito a matsayin mai wasan dabo da ya faɗo daga sama jikinsa ya shanye tun daga wuya. Bayan shekara 14 a kwance sai ya kai ƙara kotu yana neman a ba shi izinin mutuwa. Kotu ta hana, amma mai jinyarsa, wato Aishwarya Rai, ta amince za ta taimaka masa, aka rufe fim da walimar bankwana ana raha. Na biyun kuma *Me Before You* ne, littafin wata Baturiyar Ingila mai suna Jojo Moyes da ya fito a 2012, aka mai da shi fim a 2016. Saurayi ne mai dukiya, babur ya buge shi ya shanye, aka ɗauko masa yarinya mai kula da shi, so ya shiga tsakaninsu, amma duk da haka ya tafi ƙasar Suwizalan inda doka ta bari a taimaka wa mutum ya kashe kansa, ya bar mata kuɗi ta ji daɗin rayuwa.

Ki lura da abu guda, uwargida. A duka labaran biyu ba ciwon ajali ke damun mutanen ba, nakasa ce. Shi ya sa lokacin da aka fara nuna *Me Before You* a Landan, nakasassu suka fito a kan kekunansu suna zanga-zanga, suna cewa fim ɗin yana gaya wa duniya gara mutuwa da irin rayuwarsu. Kuma ki lura da yadda ake shirya wurin: gado fari tas, taga a buɗe, kiɗa mai taushi. Ba a nuna wanda zai rayu shekara arba'in da tunanin abin da hannunsa ya yi.

Abin da suke kira kisan tausayi ba a fim kaɗai ya tsaya ba. Holan da Beljiyam sun halatta shi a dokarsu tun 2002. Kanada ta bi sahu a 2016, da farko ga wanda mutuwarsa ta kusanto, a 2021 aka faɗaɗa har ga wanda ba ya kan gargara. A shekarar 2023 kaɗai mutum sama da 15,000 suka mutu ta wannan hanya a can, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace ashirin. Ƙofar da aka ce za a ɗan buɗe ke nan.

Amma a Indiyar da aka yi *Guzaarish* akwai wani labari na gaske da ya fi fim ɗin ratsa jiki. Wata nas mai suna Aruna Shanbaug, a asibitin KEM da ke Mumbai, wani ma'aikaci ya kai mata hari a 1973 ya shaƙe ta da sarƙa, ƙwaƙwalwarta ta taɓu, ba ta ƙara sanin inda take ba. Abokan aikinta mata suka riƙe ta, in waɗannan sun yi ritaya sababbi su karɓa. Da wata 'yar jarida ta nemi kotun ƙoli ta bari a daina ciyar da ita, nas-nas ɗin nan suka ce ba su yarda ba, kotu kuma ta ƙi amincewa da buƙatar a 2011. Sai a 2015 ta rasu, bayan shekara 42 a kwance, kuma alƙalan sun yaba cewa duk tsawon shekarun da suka duba ko gyambon kwanciya ɗaya bai fito mata ba. Duk wadda ta taɓa jinyar wata guda ta san abin da wannan ke nufi.

Inda shari'a ta ja layi

Hukuncin a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Rai amana ce, ba mallakar mai shi ba balle ta danginsa. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya hana mu kashe kawunanmu, kuma Buhari ya ruwaito labarin wani mutum cikin al'ummomin da suka gabata, wanda zafin rauni ya ishe shi ya yanke hannunsa jini ya zuba har ya mutu, Allah ya haramta masa Aljanna saboda ya yi gaggawa da ransa. Yardar majinyaci ba ta halatta wa ɗa ko likita su kashe shi. Dokokin laifuffuka na ƙasar nan ma, Kudu da Arewa, sun ɗauki taimaka wa mutum ya kashe kansa a matsayin babban laifi.

Sai dai akwai abubuwan da shari'a ta sauƙaƙa waɗanda yawancinmu ba mu sani ba, rashin sanin kuma yana jefa iyalai cikin bashi da zargin juna. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki baki ɗaya ba kuma za ta dawo ba, ya halatta a cire na'urar numfashi. Malamai da dama, ciki har da marigayi Shaikh Yusuf Alƙardawi, sun bayyana cewa maganin da likitoci suka tabbatar ba zai ƙara amfanar da komai ba, barinsa ba kisa ba ne. Saboda haka iyalin da suka dawo da tsohuwarsu gida ta cika a ɗakinta ba su yi laifi ba, kada wani ɗan uwa ya zo daga birni ranar sadakar uku yana cewa an yi sakaci. Abin da ba a yankewa shi ne ci da sha gwargwadon iko, da tsabta, da maganin rage zafi.

Ita kuwa addu'ar da ke cin ɗiyata, na kai ta wurin malamarmu ta Islamiyya, dattijuwa mai sanyin magana. Ta ce mata, ɗiyata, ajali ba ya matsowa ba ya ja da baya ko da sa'a guda, addu'arki ba ta rage wa mahaifiyarki numfashi ɗaya ba. Ta ce Manzon Allah (SAW) ya hana mutum burin mutuwa saboda cutar da ta same shi, amma ya san ɗan Adam, shi ya sa ya koyar da cewa in abin ya ci tura, a roƙi Allah ya raya bawa in rayuwa ce ta fi masa alheri, ya karɓi ransa in mutuwa ce ta fi. Ta ce ki yi istigfari a kan lafazin, ki riƙe wannan, tausayi ne ya yi magana da bakinki a daren da kika kwana uku ba barci. Na ga kafaɗun yarinyar nan sun sauka.

Ciwo ne ke magana

Yanzu ga abin da ya sa na ce mata shafin ƙarshen nan, bayan saɓa wa shari'a, ƙarya ne a ƙasar Kunduru. A Turai gardamarsu ita ce na'urori sun yi yawa, an hana mutum tafiya. Mu a nan wace na'ura za a cire? Mu namu shi ne an sallamo mace da ciwon daji ya ci ƙashinta, abin da ke hannunta bai wuce maganin ciwon kai ba. Lokacin da Yaya ke cewa a taimake ta ta huta, ba kabari take kira ba. Barcin awa biyu take nema. Na san haka domin a 'yan ranakun da zafin ya lafa, ita ce mai tambayar ko an ba awaki dusa, ko gero ya fara fitar da kai.

Wannan zafi kuwa yana da magani, kuma ba mai tsada ba ne. Sunansa mofin. Wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Yuganda a 1993. Garin mofin ake damawa da ruwa a zuba a kwalba, majinyaci ya riƙa sha a gida bisa awon da aka rubuta masa. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, don ya isa ƙauyukan da babu likita. Matar nan ta rasu a 2025 tana da shekara 90. A ƙasarmu, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe irin wannan sashe a 2007, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olaitan Soyannwo, ita ma mace. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu buƙatar irin wannan kulawa a duniya, kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. A Nijeriya kuma ana ƙiyasta sama da mutum 120,000 ke kamuwa da ciwon daji a shekara, kusan 80,000 ke mutuwa, sankarar mama ce kan gaba, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa, bayan an gama da mai magani da mai sakiya.

Mu ba mu san ana tambaya ba. Da aka ce mu koma gida, godiya muka yi muka naɗe tabarma. Wannan ita ce nadamata, ba ta ɗiyata ba. Akwai kuma tsoro: tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya lalata matasa, mutanenmu na jin an ce magani mai ƙarfi sai su ce kayan maye ne. Wanda likita ya rubuta wa mai ciwon daji, aka bi awonsa, ba shaye-shaye ba ne, ba kuma gaggauta ajali ba ne. Don Allah duk wadda aka sallamo mata majinyaci irin wannan, kada ta bar asibiti sai ta tambayi likita baki da baki: me za mu ba shi in zafin ya tashi da tsakar dare, kuma ina za mu koma in ya ƙare?

Na gaya wa ɗiyata, in aron hannu take so, akwai wanda ya fi waɗancan. Wani marubucin Rasha, Tolstoy, ya rubuta gajeren littafi a 1886 kan mutuwar wani alƙali mai suna Ivan Ilyich. Matarsa da likitoci da abokai kowa na yi masa ƙaryar zai warke, abokan aiki kuma har sun fara lissafin wanda zai gaji kujerarsa. Mutum ɗaya ne ya ba shi sauƙi, wani yaron gida ɗan ƙauye mai suna Gerasim, wanda ke kwashe masa fo ba tare da yamutsa fuska ba, yana ɗora ƙafafun maigidan a kafaɗarsa har tsakar dare don zafin ya ragu. Da na karanta sai na ga ai Gerasim a Kunduru yake, zani kawai ya ɗaura.

Kuma ma me ya kai mu Rasha? Dubi yadda Nana A'isha (RA) ta ba mu labarin jinyar fiyayyen halitta (SAW). Ba ta ɓoye tsananin zazzaɓin ba, har ta ce ba ta taɓa ganin wanda ciwo ya tsananta wa kamarsa ba. Ta faɗi yadda ya nemi izinin sauran matansa a yi jinyarsa a ɗakinta, da ƙwaryar ruwan da yake tsoma hannu yana shafa fuska, da asuwakin ɗan uwanta Abdurrahman da ta karɓa ta tauna ta tausasa masa, da yadda ya cika yana jingine a ƙirjinta. An ruwaito kukan Nana Faɗima (RA) da ta ga wahalar mahaifinta. Ita Nana A'ishar ce kuma ke sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba majinyaci da wanda aka yi wa rasuwa, don yana kwantar da zuciya. In magabata ba su ji kunyar rubuta wannan ba, ban ga dalilin da marubuciyar yau za ta tsallake shi ba. A rubuta nishin, a rubuta gajiyar mai jinya, a rubuta har daren da ta yi waccan addu'a. Wata na can a Kusada ko Rimaye da irin dutsen a ƙirjinta, tana zaton ita kaɗai ce.

Sai na tambaye ta abin da na lura babu shi a littafin. Ita ce 'yar fari. Kamar yadda aka saba a wajenmu, Yaya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Abubakar Adam Ibrahim ya taɓo wannan ciwo a littafinsa na Turanci *Season of Crimson Blossoms* na 2015, inda Hajiya Binta ta rasa ɗanta na fari ba tare da ta taɓa kiran sunansa ba, abin ya bi ta har tsufa. Littafin na da wuraren da ba zan miƙa wa budurwa ba, amma a wannan gaɓa ya faɗi gaskiya. To ni na san ana saura kwana biyu Yaya ta rasu, cikin dare, ina kwance a bakin ƙofa, na ji ta kira yarinyar nan da sunanta na yanka, sau biyu, ta ce ta matso ta riƙe mata hannu.

Na ce, "Ɗiyata, ina wannan daren a labarinki?"

Ta ce, "Anti, ai wannan ba labari ba ne. Ba abin da ya faru, hannunta kawai na riƙe har asuba."

Na ce ta je ta yage shafin ƙarshe ta rubuta shi.

Makon jiya ta kira ni a waya. Ta ce ta yage, ta kuma rubuta har inda Inna ta buɗe baki, amma duk lokacin da ta zo kan sunan sai biro ya tsaya, ta yi sau biyar tana gwadawa. Tana tsoron lokacin gasar zai wuce. Na ce mata in ta bana ta wuce akwai ta baɗi, ta ajiye littafin ta je ta ɗora tuwon dare, ƙannenta na jira.